Injin Niƙan Verna Kessinger

Shekara talatin da ɗaya Verna Kessinger ta yi tana dafa wa 'yan firamare abinci a garinsu, wani ɗan gari a tsakiyar jihar Illinois ta Amurka da gonakin masara da na kabewa suka kewaye. A duk tsawon shekarun nan sau ɗaya tak aka ɗauki ɗalibi daga ɗakin cin abincinta zuwa asibiti, shi ma ba girkinta ne ya jawo ba. Wata yarinya ce mai suna Gail ta karɓi alawar gyaɗa a hannun ƙawarta, maƙogwaronta ya toshe, Verna ce ta tsira mata allurar gaggawa a cinya kafin motar asibiti ta iso. Ta san yaron da madara ke ɓata wa ciki, ta san wanda ƙwai ke feso wa ƙuraje. Masu taya ta aiki shakkarta suke yi. In ta ga an zare cokali daga wannan tukunya an tsoma a waccan, tukunyar gaba ɗaya take zubarwa a sake sabuwa.

Da ta yi ritaya sai aka santa da wani abu kuma. Duk shekara in kaka ta kama, ganyaye suka fara ja, takan haɗa kayan ƙamshin kek ɗin kabewa ta raba wa matan cocinsu. Ba ta sayen gari. Sandunan kirfa take saye ta kakkarya da hannu, da busasshiyar citta, da kanumfarin da take ɗan ɗumamawa a kasko, da gyaɗar ƙamshi, wadda suna kawai ya haɗa ta da gyaɗa. Kirfa ce mai rinjaye, kanumfari ɗan kaɗan, don a cewarta in ya yi yawa kek ɗin warin maganin haƙori yake yi. Tana da ɗan injin niƙa guda da ta ɗaure wa jan zare a wuya, ba abin da ke shiga cikinsa sai waɗannan huɗun. Ba ta sa masa ruwa, da buroshi take share shi ta mayar can saman kanta. Kowa a gidan ya san ba a taɓa shi.

Gidan kuwa su biyu ne, ita da mijinta Orville, wanda ya yi rayuwarsa yana awon hatsi a rumbun garin. Shekara ɗaya da rabi ke nan Orville ya fara mantuwa. Ta taɓa tsintar makullai a cikin firiji. Ya taɓa kiran ta da sunan yayarsa da ta rasu tuntuni. Verna ba ta gaya wa kowa ba, har ɗansu da ke aiki a birni. Ta karɓe tuƙi ta ce idonsa ne ya yi rauni. In an tambaye shi abu a coci sai ta riga shi amsawa, mutane suna dariya suna cewa Verna ba ta barin mijinta ya yi magana.

A wannan shekarar ranar Alhamis ta yi niƙa, ranar Juma'a ta raba kwalba ashirin da shida. Ta farko, kamar kullum, Gail ta kai wa. Gail yanzu matar aure ce, tana zaune a gonar mijinta Russ Hostetler, mil goma sha ɗaya daga gari. Ba ta cin girkin kowa, ba ta sayen garin ƙamshi na kanti, don ba ta san me aka niƙa a injin kafin shi ba. Na Verna kaɗai take karɓa ido rufe.

Ranar Asabar da hantsi Verna ta ji ƙarar inji daga garejin mota. Ta leƙa. Orville na tsaye gaban teburin aikinsa da buhun gyaɗa a buɗe, yana danna wani ɗan inji mai jan zare a wuya.

"Orville! Me kake yi da injina?"

"Abincin tsuntsaye nake haɗawa, Vern. Sanyi ya kusa."

"Da gyaɗa?"

"To da me, da kirfa?" Ya yi dariya. "Kwantar da hankalinki, ai ina gogewa in mayar miki inda yake. Ba ki taɓa ganewa ba ma."

Ta dafa bango. "Yau ka fara ɗauka?"

Ya dube ta, ya dubi injin, murmushin ya fara gushewa. "Yau... ina jin yau ne."

Ta juya ta kalli bishiyar bayan gida. Kwandunan abincin tsuntsaye guda uku da ke rataye a jikinta cike suke da dunƙulen kitse da gyaɗa, kuma ta tuna sati biyu ke nan tana ganin su a cike tana jin daɗi ya sami abin yi. Tun kafin niƙanta na ranar Alhamis ke nan.

Jiya da ta miƙa wa Gail kwalbar, Gail ta ce mata gobe da safe za ta gasa kek ɗin farko da shi.

Verna ta ruga ta ɗauki waya. Ta kira Gail, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta sake, ta sake. Ta kira Russ, shi ma shiru, ta san yana kan injin girbi, ko aradu ce ta faɗi ba zai ji ba. Ta fizgi makullin mota, har ta kai ƙofa ta tsaya. Ba za ta bar Orville shi kaɗai da murhu da buɗaɗɗen gareji ba.

"Sa takalminka, tsoho. Shiga mota."

"Ina za mu?"

"Shiga kawai!"

Verna ba mai gudu da mota ba ce, jikokin maƙwabta har tsokanar ta suke yi wai keke na wuce ta. Ran nan ta fita daga gari kamar an koro ta. Wayar na kan cinyarta, tana dannawa da hannu ɗaya. A mil na huɗu ta tarar da ƙaton injin girbi ya cinye hanyar gaba ɗaya, yana tafiya kamar ba ya so. Ta danna ham. Direban ya ɗago hannu ta taga alamar ta yi haƙuri.

"Wannan ɗan gidan Doyle ne," in ji Orville. "Masararsu kullum da danshi take zuwa."

"Yi shiru, don Allah."

"Laifi na yi, Vern?"

Ta karkata motar ta sauka gefen hanya, tayoyi biyu a kan ciyawa, kwata na hannun dama tana jiran su. Motar ta yi tangal-tangal, Orville ya riƙe ƙofa da hannu biyu, suka wuce injin da ƙyar suka hau kwalta.

Tun daga bakin shingen gonar ta ji ƙamshin. Kirfarta ce, cittarta ce, ba ta da shakka. Ta fita ba ta kashe motar ba, sai da ta tuna wanda ke ciki, ta dawo ta zare makullin, ta haye matakala ta tura ƙofar kicin ba sallama.

Gail na tsaye gaban tebur da gari a hannu. Kek biyu na cikin tanderu, kwanon kwaɓin na uku na gabanta, da cokali a ciki.

"Misis Kessinger! Lafiya? Kin ga bana ƙamshin ya fi na..."

"Kin ɗanɗana?"

"Me?"

"Kwaɓin nan, Gail! Kin sa a baki?"

"Cokali ɗaya, yanzun nan. Na ce ma cittar bana da zafi, leɓena sai ƙaiƙayi yake..." Ta yi gyaran murya. Ta sake yi. Muryar ta fito a shaƙe. Sai ta kai hannu wuyanta, idanunta suka buɗe.

"Akwai gyaɗa a ciki. Ina allurarki?"

Gail ta nuna jakarta da ke rataye a ƙofa. Verna ta zazzage ta a ƙasa: makullai, rasit, man leɓe, tabarau. Babu allura.

"Ɗayar jakar," Gail ta faɗa da ƙyar. "Tana motar Russ... da wayata. Na kai masa karin kumallo na manta ta."

"Ba ki da wata a gidan nan?"

"Banɗaki. Sama."

Verna, mai shekara sittin da tara da gwiwar da likita ya ce a sauya, ba ta san yadda ta hau benen ba. Ta buɗe akwatin magani ta watsar da kwalabe, ta same ta a can baya. Da ta sauko Gail ta zame ƙasa ta jingina da firiji, fuskarta ta yi jawur, numfashinta na fita da ƙara kamar ana busa ƙaramin usur. Verna ta durƙusa, ta cire murfin, ta danna allurar a cinyarta ta cikin wando, ta riƙe tana ƙirgawa da ƙarfi. Sannan ta kira lambar gaggawa, ta faɗi sunan gonar da lambar hanya ba tare da muryarta ta yi rawa ba.

"Dube ni, 'yata. Ja numfashi a hankali. Saki. Kar ki tashi."

Minti sha huɗu motar asibitin ta yi kafin ta iso. A minti na biyar usur ɗin ya fara laushi. A na tara ya so ya dawo, Verna ta zuba wa agogon bango ido, ba ta da allura ta biyu, ba ta da abin yi sai riƙe hannu. Hayaƙi ya fara fita daga tanderu. Orville ne ya shigo a hankali, ya kashe shi, ya buɗe taga, ya koma ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu.

Ana ɗora Gail a gadon motar asibitin sai ga Russ ya iso a guje daga gona, ƙurar masara har gira. Da ya ji abin da ya faru sai ya juyo kan Verna.

"Ke? Ke da kika fi kowa sani? Ta yaya gyaɗa ta shiga injinki?"

Verna ta buɗe baki. Amsar tana nan a shirye: kuskurena ne, na tsufa. Da ta faɗe ta, da an wuce wurin. Amma ta dubi Orville yana murza hula yana kallon motar asibitin, bai san wa aka ɗauka ba, ta tuna kwalba ashirin da biyar da ke gidajen mutane.

"Orville ne ya niƙa gyaɗa a ciki," ta ce. "Ba shi da lafiya, Russ. Kansa ne. Na daɗe da sani na ɓoye. Laifin nawa ne."

Russ ya shige motar asibitin aka rufe.

Kwana ɗaya Gail ta yi a asibiti aka sallame ta. Verna kuwa da ta koma gida ta zauna da littafin lambobin coci ta kira gida ashirin da biyar ɗaya bayan ɗaya, kowa ta ce ya zubar da kwalbar, kowa ta gaya masa dalili da bakinta. Maxine Doyle, wadda suka shekara arba'in suna gasar kek da ita, ta saurara har ƙarshe.

"Verna, ke kaɗai ce kike zaton ba mu sani ba," ta ce. "Tun ranar bikin Ista muka gane, da ya gaishe ni sau uku a jere a ƙofar coci. Tsoron bakinki ne ya hana mu magana."

Ɗansu ya zo ranar Litinin, ya yi faɗa, ya yi kuka, ya kai uban wurin likita. Russ bai sake gaishe ta ba sai wajen Kirsimeti, shi ma da ka kawai. Gail ta ci gaba da zuwa duba su, tana zama su yi hira, amma ko ruwan shayi ba ta ƙara sha a gidan ba, Verna kuma ba ta taɓa yi mata tayi ba.

Matan coci suka raba kwanaki a tsakaninsu. Laraba ta faɗo kan Maxine, takan zo da ƙarfe goma ta zauna da Orville su buga karta, Verna ta fita cefane ko ta je a duba mata gwiwa. Satin farko Verna ta kai bakin titi ta dawo har sau biyu, wai ta manta abu. A na biyun Maxine ta tare ta a ƙofa, ta ce in ta sake dawowa kafin sha biyu za ta kulle gidan ta ciki.