Tagar Goggo

Kowa a shagon kek ɗin, Goggo yake ce mata, har mai shagon da ta girme ta. Da ƙuruciyarta ta shiga ɗakin baya, ga shi furfura ta same ta a can. Ɗakin kuwa daga famfo sai tebur sai tsohon firji, sai wata 'yar taga da ba ta fi faranti ba, inda rana kan leƙo da hantsi.

Aikinta wankin sitiroberi, jajayen 'ya'yan itacen nan da ake jerawa a kan kek. Abu ne mai shegen tsirfa, in aka rufe shi da lema kafin gobe ya fara fumfuna. Goggo takan tsoma su a ruwa mai ɗan binega, ruwan tsamin nan na kwalba, ba tare da ta cire musu ganyen kai ba, ta baza a tawul, ta bi su ɗai-ɗai tana tsanewa kamar mai goge jariri. Sannan ta shimfiɗa takarda a roba ta jera su, ta bar murfin a ɗan buɗe. Nata sai su yi kwanaki garau.

Iyawar nan ita ta ɗaure ta. Burinta a mayar da ita gaba, wurin kantar sayar da kek, inda ake ganin titi da mutane. Duk sanda gurbi ya samu ta je roƙo, sai mai shagon ta yi dariya ta ce to wa za a bar wa sitiroberin? Goggo ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Da mai tsaron kantar ta bar aiki, Goggo ta yanke shawarar yin ɓarna, ko a daina ganin ba ta da madadi. Ta wanke kwali guda, ta zuba su a roba jiƙe sharkaf, ta danne murfi ta tura cikin firji.

Ba a daɗe ba suka ruɓe. Mai shagon ta buɗe robar ta toshe hanci.

"Hajiya, laifina ne," in ji Goggo, ranta fari ƙal.

"Haba Goggo, ke da kuskure? Daina rufa wa tsohon firjin nan asiri."

Washegari aka kawo sabo, dogo har rufi. 'Yan dako suka juya shi nan, suka juya shi can, bai zauna ko'ina ba sai a bango guda. Suka jingina shi, ya rufe tagar ruf. Mai shagon ta kunna mata kwan lantarki, ta ce yanzu dai ta ga yadda ake ji da ita.

Goggo ta yi godiya, ta buɗe famfo.