Ƙashin da Ya Hana Shi Waiwaye

Ina tsakiyar yanka yadi 'yarsa ta tsaya a ƙofar shagona, ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Baba Tela, abokinka ya cika." Na ajiye almakashi, na leƙa tsallaken titi. Ga bencinsa, ga tulin takalman mutane, babu shi.

Shekara ashirin da shida muna fuskantar juna, ni da keken ɗinki, shi da basilla da zare. Unguwa ta laƙaba masa Ba-Waiwaye, domin in ka gaishe shi daga gefe, zai amsa idonsa na kan takalmi. Aka ce girman kai ne. Ni ya fara gaya wa gaskiya: in ya juya wuya, wani abu ke sukarsa a maƙogwaro har cikin kunne, kamar ƙayar kifi ta maƙale. Asibiti uku suka leƙa, ba su ga komai ba. Sai ya daina faɗa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne yayansa. Ranar wani zaman dangi Yaya ya kira shi daga baya har sau biyu, a gaban surukai, ya amsa bai juyo ba. Da ya kawo hanzarinsa, Yaya ya ce ciwon da likita bai gani ba sunansa raini. Shekara tara ba su taka gidan juna ba.

Watan jiya haƙori ya kai shi wurin likitar haƙori. Aka tsayar da shi gaban na'urar da ke zagaya kai tana ɗaukar hoton baki gaba ɗaya. Likitar ta ƙura wa hoton ido, ta ce, "Baba, in ka waiwaya kana jin suka?" Ya ce mini saura kaɗan ya faɗo daga kujera. Ta nuna masa wani siririn ƙashi da kowa ke da shi a ƙarƙashin kunne. Nasa na hagu ya zarce, ya doshi maƙogwaro. Ta ce tana yawan ganin irinsa a hotuna, galibin masu shi ba su ma sani ba, ƙalilan ne ke shan wuya. Ana iya aiki a rage shi.

Ya ce aiki ya jira, a ba shi hoton.

Ranar Talatar da ta wuce da la'asar ya tsallako titi, ya zauna a bencina yana murmushi. Na ce, "Mutumina, ka je gidan Yaya?"

"Na je. Ashe yanar ido ta rufe wa Yaya gani. Na ɗaga masa hoton a taga, ko inuwa bai gani ba."

"To, ya aka yi?"

"Likita ta ce ana jin tsininsa ta cikin baki. Na kama yatsansa, na wage baki, na ce Yaya taɓa."

"Kai! Dattijo guda?"

"Ya ce zan cije shi. Ya taɓa, ya ji tsinin. Can ya ce, 'Auta, duk shekarun nan?' Na ce duk."

"Shi ke nan?"

"Ina fa. Da zan tafi ya ce in dawo jibi da kayan aikina, wai takalmansa uku sun tsinke."

Na ce, "Za ka je?"

Ya ce, "Tela, har zaren na saya."