Ba Laifin Fara Ba Ne

Jiya na wuce wata mai suyar fara a Limawa, ƙamshin yajin ya tuno mini da kakata.

Duk sanda ta ci fara sai borin jini ya taso mata, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu. Tana susa da marfin kwano, tana ɗora laifin a kan sabulu ko sabon zani. Fara dai ba ta taɓa yin laifi ba.

Ranar da leɓenta ya kumbura har numfashi ya soma yi mata wuya, muka garzaya da ita asibiti. Bayan allura ta yi aiki, likita ya ce, "Hajiya, me kika ci?"

"Tuwo kawai, ɗan nan."

Ya nuna wata ƙafar fara da ta maƙale a mayafinta. "Wannan fa?"

Ta dube ta da kyau. "Iska ce ta kawo ta."

Likita ya hana ta fara har abada, ita kuma ta riƙa kiransa maƙiyinta har ta rasu.

Allah ya ji ƙan Hajiya, ya sada ta da farar Aljanna, wadda ba ta sa ƙaiƙayi.