Saƙon da Na Makara Wajen Tura wa Surukina

Ko zan manta da komai na zamanmu a Kuala Lumpur, ranar da na fara yi wa surukina magana tana nan a raina daram.

A shekara ta biyu ta korona ne, muna zaune da yaranmu a hawa na goma sha ɗaya a unguwar Danau Kota, ba shiga ba fita. Maigidana yana digiri na uku a kan hasashen yanayi, musamman zafin bazara da tsawa da gobarar daji a duwatsun arewacin Agadas, inda aka haife shi. Ni Bakanuwa ce, kuma gaskiya ban ɗauki karatun da daraja ba. Nakan ce masa mutum ya ƙetaro duniya, ya zo garin da ake ruwa kullum da la'asar, don ya duba ko za a yi ruwa a hamada. Sai ya yi dariya ya ci gaba da kallon taswirarsa.

Kullum bayan azahar yakan tura wa mahaifinsa saƙon murya. A lokacin, can Agadas gari bai daɗe da wayewa ba, kuma Baba kan hau wani dutse ya samu sabis sau biyu kacal, da safe da kuma yamma. Baba makiyayi ne. Damina ta yi kyau a bara, ciyawa ta bushe a tsaye cikin kwari, shi kuma ya tara wadda awakinsa da raƙumansa za su ci kafin ruwa ya sauka. Don kullum ina jin bayanin, har na haddace: in taswira ta nuna hadari a sama amma iskar ƙasa a bushe take, to tsawa ce za ta faɗo ba ruwa, kuma ita ke kunna daji.

Sai maigidana ya kamu da cutar, aka ɗauke shi zuwa wurin killace marasa lafiya. A kwana na huɗu zazzaɓi ya yi masa nauyi, wayarsa ta daina shiga. Na buɗe kwamfutarsa ne kawai don kewa, sai ga abin da ya sha faɗa a gabana: zafi ya kai maƙura, hadari zai taso gobe da rana a kan duwatsun, ga iska mai ƙarfi, ga ƙasa a bushe ƙayau.

Lambar Baba tana wayata, amma shekara bakwai da aure ban taɓa yi masa magana kai tsaye ba. Ko gaisuwa ta bakin ɗansa take bi. Baba ba ya karatu, don haka dole muryata ce za ta je. Na kira ƙanen maigidana, waya a kashe. Na danna maɓallin naɗa murya na goge, na sake dannawa na sake gogewa. Ina ta ce wa kaina wa ya sani ma ko na karanta taswirar daidai, kada in tayar da dattijo tsaye a banza a ce matar wane ta fiya rawar kai. Yanzu na san ba shakkar taswira ce ta riƙe ni ba, kunya ce kawai na yi mata ado.

Ina cikin haka maƙwabciyata, wata malama 'yar Jos, ta ajiye mana abincin da ta yi tapau, wato ta sayo a ƙunshe, a bakin ƙofa. Ta ja baya da takunkuminta, ta ga idona ya yi ja, na gaya mata abin da ake ciki. Ta dube ni ta ce, "Maman yara, in wuta ta cinye masa dabbobi, kunyar taki zai ba su su tashi? Tura kawai mana."

Na tura. Muryata na rawa, gaisuwa ta cinye rabin saƙon, sannan na ce ya fitar da dabbobi daga kwari, ya kwashe ciyawa zuwa kan fako, ya share kewayenta. Da na duba agogo, sai na ga na makara. La'asar ta wuce, Baba ya riga ya sauka daga dutse, ba zai ji ba sai yamma. A waje kuma ruwa ake kamar da bakin ƙwarya.

Kwana biyu ban ji komai ba. Da safiyar na uku na farka na tarar saƙo ya shigo, muryar dattijo a dushe. Ya ce ya ji maganata da yamma, ya kora dabbobin tun kafin duhu, da asuba suka fara jidar ciyawa. Tsawa ta faɗi bayan azahar, wuta ta bi kwarin kaf. Dabba ko ɗaya bai rasa ba, amma rabin ciyawar ta tafi, don lokaci bai ishe su ba. Bai san na ga abin tun da safensu ba. Ni na sani, kuma na san yinin da na ɓata shi ne rabin ciyawar nan. Na zauna a tsakar ɗaki na yi kuka, na murna da na takaici a haɗe.

A ƙarshen saƙon ya ce, "Ɗiyata, Allah shi yi maki albarka. Gobe da safe zan hau dutse, ki duba mini."

Na duba masa kullum har maigidana ya dawo. Da na ba shi labarin duka, har da jinkirin, bai yi faɗa ba, ya ce shi ma akwai ranar da tsoron kuskure ya taɓa rufe masa baki. Har yau ina jin nauyin Baba, ba na iya haɗa ido da shi. Amma na koyi cewa in ka hango abin da zai cuci mutum, girmamawar ita ce ka faɗa masa da wuri, ko da murya na rawa.