Hanyar da Hamma ya bari a cikin na'ura

Yayana, da muke kira Hamma, shi ya kunna na'urar rarraba intanet ɗin nan da hannunsa a ɗan shagonmu na Jekadafari, inda muke raba wa 'yan kasuwa intanet. Ya haɗa mata sola da batura, ya ce ko sama za ta faɗo kada a kashe ta. Masu irin aikinmu haka suke, daɗewar na'ura a kunne abin taƙama ne a wurinsu. Allah ya yi masa rasuwa, na gaji shagon, ita kuwa tana lungu tana gurnaninta.

Da la'asar, idan ciniki ya lafa, nakan leƙa hanyoyin da take bi da saƙonni. Akwai ɗaya da ya rubuta da kansa, mai zuwa kwamfutar ɗakinsa a Shamaki. Ganda ta hana shi adana ta, saboda haka ranta na tare da na'urar: a kashe, ta tafi. Nakan zuba mata ido har in gan shi can, ya miƙe ƙafa yana shan fura, yana jiran in shigo ya yi mini tsiya.

Sai sanarwa ta zo, an gano ɓaraka a zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'urar. Idan tana share tsofaffin hanyoyi, takan saki gurbin wata, ta manta, ta koma tana ƙwanƙwasawa. Mugu na iya zama a gurbin ya amsa, daga nan ya kutsa har wayoyin masu shaguna a Kasuwar Gombe. Gyaran kuma ba ya kamawa sai an kashe an kunna.

Na ji haushi ƙwarai, har da na Hamma da gandarsa. Na yi ta jan ƙafa. Inna ta ga ina juya cokali a abinci, na yi mata bayani iya yina.

Ta ce, "Shanun babanku ma sun daɗe suna komawa burtalin da aka toshe. Amma mutanen nan amana suka ba ki, 'yar nan."

Washegari da hantsi na sa gyaran, na danna maɓallin kashewa. Gurnanin ya tsaya. Ban taɓa jin shagon shiru haka ba, har kukan kurciya na jiyo daga bayan masallaci. Na yi kuka.

Na sake kunna na'urar, ta tashi lafiya, ɓarakar ta toshe, hanyar Hamma babu. Na san yadda ake rubuta ta, layi ɗaya ne. Na ɗora yatsuna a kan maɓallan, sai na ga ko na rubuta, tawa ce, ba tasa ba. Na janye hannuna.