Rabon Gulbi

Babanmu bai taɓa kai garma har bakin gulbin Kwara ba. Tsakanin gonarmu da ruwa akwai wani zirin hili da yake bari, itatuwan giyayya a tsaye, ciyawar burgu a ƙasa. Rabon gulbi yake ce mishi. Saiwoyin nan su ke riƙe gaɓa, in ji shi, wanda ya taɓa su kuwa ya taɓa tukunyar gidanmu.

Da ya rasu anka raba gona, nawa kashin ya faɗo gefen ruwa, na yayana a tudu. Ni ina aure a Gaya, sai in ƙetaro gada lokacin dashen albasa. Yaya ya dafa ƙirji gaban innarmu ya ce, "Ƙanwata, tahi abinki. Ganye guda ba ya faɗuwa ina raye."

Na yarda. Wa zan yarda da shi in ba wanda ya goya ni ba?

Shekarar da na yi jinyar ƙafa ban zo ba. Da na samu sauƙi na hau kabu-kabu daga kasuwar Malanville, ina isa na rasa gane wurin. Giyayya duk an sare, masu bandar kihi sun kwashe. Kamiyo, wato babbar motar kaya, ya yi hanya ta cikin burgu, ana ɗibar rairai daga gindin gaɓa a kai gari wurin gini. Maƙwabcinmu ya sunkuyar da kai ya ce yayana ne ya ba su izini.

Na same shi yana ban ruwa. Na ce, "Yaya, ina rabon gulbi?"

Ko injin bai kashe ba. Ya ce, "Ke kin cika tsohon zance. Hili ne ba na kowa ba."

Wallahi ban taɓa jin ɗacin rai irin na ranar ba. Ya san sarai gonar wa ke gaba.

Damina biyu gulbi ya yi yana gutsure gonata kamar gurasa. Inda nake shanya albasa yanzu masunta ke jefa taru.

Bara Yaya ya zo Gaya da goro, yana ta kewaye-kewaye. Ashe ruwa ya kai iyakar gonarsa. Wai in zo mu dasa itace tare, tunda ni na iya hannun Baba.

Na tambaye shi a gonar wa zan tsaya in dasa.