Baba Wada da Ciyawar Janina

Kafin Ma'u mai shayi ta hura gawayinta a ƙofar janina, ɗan lambun dabbobin nan namu na Gadarif, Baba Wada ya riga ya zagaye keji-keji da kwandonsa. Kashin barewa, kashin jimina, ragowar harawa, duk sai ya kai su raminsa na bayan katanga. Sannan ya dawo ya karɓi ganyen shayin jiya. "Tsohon nan kofi ɗaya yake sha," in ji Ma'u, "amma sharata ko tsinke ba ya bari."

Daga manyan gonakin Ƙala'at an-Nahal ya zo, inda hannunsa ya saba da feshi. Shekarar da tsutsa ta faɗa wa ciyawar janina, sai ya yi mata abin da ake wa gonar dawa, ya sheƙa mata magani, ya manta cewa ita dawa ba a sakar mata dabba washegari. Barewa biyu suka mutu, saura ɗaya mai ciki. Mudir, shugaban wurin, ya ce a tone ciyawar a zuba siminti kowa ya huta.

Ma'u na nan sa'ad da Wada ya tare shi, idanunsa jawur. "Ya mudir, ka ba ni zuwa damina bas, ba ƙari. In ba ta yi ba, ni zan kwaɓa simintin."

Rani guda ya yi yana roƙon karan riɗi wurin manoma, yana jera shi da kashin dabbobi, yana yayyafa ruwa, yana juyawa. Maƙwabta suka yi ƙarar wari. Matarsa Batulu ta kafa masa doka, jallabiyar aiki a ƙofar gida take kwana. Ya toshe kunne. Yakan cusa hannu cikin tarin har gwiwa ya ce, "Da saura, zazzaɓi yake." Sai da tarin ya huce, ya koma baƙi mai ƙanshin ruwan farko, sannan ya barbaɗa shi a filin.

Ƙasar nan tamu da ke tsagewa ta haɗiye ruwa, sai ga ta ta riƙe laima. Ciyawa ta yi ƙarfin da tsutsa ba ta cika kayar da ita ba. Magani ya koma ɗan kaɗan, can jikin katanga saboda gara. Jikokin barewar nan ne ke tsalle a filin yau.

Baba Wada, gagara rani, kai ne ka yi kuskure ka tsaya ka gyara, ba ka sulale ba. Yanzu da za ka ajiye kwando, ina jin kewarka tun ba ka tafi ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Masu filin makaranta da masu harabar masallaci, ramin na nan, ku je ku cusa hannu ku koya. Ranar Idi na ga jikata ta tsinki ciyawar ta kai baki, kuma ban tashi daga tabarmata ba.